Fentin fedar jita da manna mata sitika: tambayoyin da akafi yimin da amsoshinsu

Tunda na fara haɗa fedar jita da hannuna, wato ɗan akwatin nan da mai jita ke takawa da ƙafa ya canza sautin jitarsa, tambayar da akafi yimin ba ta waya da dalma bace, ta fenti ce. Mutum zai kwana uku yana haɗa fedarsa, sauti ya fito raɗau, yazo kan akwati ya ɓata komai cikin minti goma. Nima na ɓata, ba ɗaya ba ba biyu ba. Ga tambayoyin nan kamar yadda ake jefo min su, wasu daga yaran situdiyo na Zoo Road a nan Kano, wasu daga masu kiɗan coci a Sabon Gari.

Wai dole ne sai anyi fentin? Ba sauti ake nema ba?

Ba dole bane, sauti bai san kala ba. Amma alminiyam tsirara yana dafewa, zufar hannu kaɗai ta isa ta bar masa tabo, sannan in kana da feda uku ko huɗu a gabanka duk farare ga wajen biki ba haske sosai, wallahi sai ka taka wadda baka yi niyya ba. Manyan kamfanoni ma da kala aka san kayansu, Phase 90 ta MXR da ta fito a 1974 ruwan lemo ce, DS-1 ta Boss ta 1978 itama ruwan lemo, Tube Screamer ta Ibanez ta 1979 koriya shar, daga nesa mai jita zai gane ta. Akwai ma wani kamfani a Amurka, Z.Vex, da yayi suna tun shekarun 1990 da fedojin da ake zanawa da hannu ɗaya bayan ɗaya. Kaga kenan zanen hannu ba aikin marar kuɗi bane.

Wane akwati zan nema?

Wanda kowa ke amfani dashi na zubin alminiyam ne, lambobin kamfanin Hammond na Kanada ake kiransu dasu koda ba nasu bane. 1590B wajen milimita 112 da 60 da 31 ne, 1590BB yafi faɗi, wajen 119 da 94. Akwai kuma 125B, ya ɗan fi 1590B tsawo da zurfi, ni shi nafi so saboda jak, wato inda ake soka wayar jita, yana zama ta sama ba tare da an matse ba. Galibi oda ake yi ko a bawa wani mai dawowa daga waje sautu.

In bai samu ba ka shiga wajen masu kayan wuta a France Road ka sayi akwatin ƙarfen nan da ake binnewa a bango na soket, yana ɗaukar taku. Amma ka sani shi ƙarfe ne mai rufin zinki, fenti baya son sa ko kaɗan, sai ka goge shi da ruwan khal ka wanke ka busar kafin firaima, wato fentin shimfiɗa da ake fara fesawa kafin kala. Gwangwanin kifi kuma da nake gani ana yi dan burgewa, hoto kawai yake kyau, taku biyu ya lotse.

Hudawa zan fara ko fenti?

Hudawa. Kullum hudawa. In ka huda bayan fenti bakin ramin zai ɓantare, kuma ɓarɓashin ƙarfen zai karce maka wajen da kafi so. Ka manna tef ɗin takarda a fuskar akwatin, ka auna ka ɗiga alama, ka ɗan buga ƙusa da guduma a kowace alama dan kar bakin diril ya zame. Makunnin ƙafa ramin milimita 12 yake so, jak ɗin jita wajen 10, bolum na murɗawa irin na kamfanin Alpha milimita 7, amma ka auna naka kayan da kanka dan ba duka suke zuwa ɗaya ba. Bayan ka huda ka saka komai ka gani ya zauna, murfi ya rufu, sannan ka kwance. Kar ka bari sai kayi fenti mai kyau ka gano batir bashi da wajen zama.

Oga nawa fentin yana ɓarewa kamar bawon gyaɗa, da farce ma yana fita. Fentin ne jabu?

Mai yiwuwa ba laifin fentin bane, kai ne ka tsallake aikin farko. Alminiyam da zarar iska ta taɓa shi yake yin wata 'yar fata a samansa da ido baya gani, ita ke hana shi tsatsa kuma ita ke hana fenti kamawa. Ga kuma maiƙon da ya taho dashi daga wajen zubi, ga na hannunka.

Ni wannan darasin a Ƙofar Ruwa na koye shi wajen wani dattijo mai fentin mota. Na kai masa akwatina na biyu ina ta ƙorafin an sayar min da fentin banza, ya karɓa ya juya shi, yasa farcen babban yatsa ya ɗaye fentin tun daga wannan gefe har wancan kamar mai ɓare dafaffen ƙwai, ya kalli ƙarfen yana ta sheƙi a ƙasa yace, yaro ai baka wanke masa jiki ba ka saka masa riga. Nace Baba na goge da tsumma fa. Dariya kawai yayi ya miƙo min guntun sanfefa yace zauna nan.

Abinda ya sa ni nayi shine har yau nake yi. Ka fara da sanfefa mai lamba 220 ka cinye duk layukan zubi da kaifin bakin ramuka, ka koma 400 har fuskar ta zama dishi-dishi ba sheƙi ko ina, harda gefuna da kusurwa dan daga nan ɓarewa take farawa. Zakaga hannunka yayi baƙi ƙirin, haka ake so. Ka wanke da ruwa da omo, ya bushe, ka goge da tina, wato ruwan tsinka fenti, ko sifirit da farin ƙyalle har sai ƙyallen ya daina baƙi. Daga nan hannunka ya haramta a jikinsa, ta ciki zaka riƙa ɗauka. Kuma kar ka ajiye sai gobe, a ranar zaka fesa firaima kafin fatar nan ta sake kauri.

Firaimar ma ba kowacce ba. Ka tambayi masu kayan fentin mota wadda ake cewa ecin firaima, tana da ɗan asid a ciki da yake cizon ƙarfen ta kama shi gam. Hawa ɗaya ko biyu siriri ya isa, ba sai ta rufe ruf ba.

Wane fenti zan saya?

Na gwangwani na feshi ya wadatar, yana nan birjik a Sabon Gari da Ƙofar Ruwa. Abinda zaka kiyaye ɗaya ne, kar ka gauraya gida biyu. Kala da kiliya, wato fentin garai-garai da ake rufe kalar dashi, su zama na kamfani ɗaya kuma iri ɗaya, dan akwai mai bushewa ta hanyar tashin tina kawai, akwai na mai wanda yake ɗaukar kwanaki yana ƙarfi daga ciki, to in ka ɗora mai tina mai zafi akan na mai sai ya cinye na ƙasan.

Na taɓa yiwa wata feda ja mai kyau, kwana biyu ina lallaɓa ta, kiliyata ta ƙare na aiki ƙanina ya sayo duk wadda ya samu. Ina fesawa ina kallo, ko minti ɗaya ba'ayi ba fuskar ta fara tattarewa daga tsakiya tana yamutsewa kamar fatar saman madara in ta huce, ba abinda zan iya yi sai salati. Wanke ta nayi da tina har ƙarfe na koma farko. Tun ranar duk sabon haɗi sai na gwada a murfin ƙasa ko a wani gwangwanin madara tukuna.

Ka karanta jikin gwangwanin ma, wasu zasu ce ka ƙara hawa cikin awa ɗaya ko kuma ka jira awa 48. Tsakanin nan in ka fesa, tattarewar ce dai.

Ya ake feshin kansa?

Ka girgiza gwangwanin minti biyu cur bayan ka fara jin ƙarar ƙwallon ciki, ba girgiza uku ba. Ka ɗora akwatin akan wani ɗan katako ko gwangwanin tumatir yadda gefunansa basa taɓa ƙasa. Tazara wajen santimita 25, kamar taƙi ɗaya da ɗan ɗori. Ka fara danna feshin a waje kafin ka iso kan akwatin, ka wuce shi sannan ka saki, kar ka tsaya a kansa ko ka riƙa zagaye kamar mai fesa maganin sauro. Gefuna farko, fuska daga baya.

Hawan farko zai baka haushi dan zaka riƙa hango firaima ta ƙasa, zuciyarka zata ce ƙara kaɗan, kar ka biye mata. Minti 10 zuwa 15 ka ƙara, hawa uku ko huɗu sirara. In ka gama ka kifa gwangwanin ka fesa har iska zalla ta fito dan kar bakin ya toshe.

Wane lokaci yafi dacewa a garin nan?

Yauwa, wannan ita ce tambayar da bidiyon Turawa bazai amsa maka ba, dan su sanyi suke kuka dashi mu kuma ƙura.

Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, iska a bushe take fenti yana bushewa da wuri, amma ƙurar da ke yawo bata da adadi. Ka fesa a tsakar gida ka juya baya ka dawo zaka samu fuskar kamar an barbaɗa mata gari. Dabarar ita ce ka nemi babban kwali ka kwantar dashi bakinsa na kallonka ya zama ɗakin feshi, ka yayyafa ruwa a ƙasa kewaye da wajen kamar za'a yi shara, kana gama kowane hawa ka kifa wata roba mai tsabta akan akwatin ka ɗan ɗaga gefe ɗaya da tsinke dan tina ta samu hanyar fita. Kuma ka gaya wa mutanen gida kar a yi shara ko kaɗe tabarma a lokacin, ni dai sai da na haɗa da roƙo wajen Hajiya.

Da bazara, Maris zuwa Mayu, zafi yana haura digiri 40, fentin yana bushewa a iska tun kafin ya sauka sai ya fito da kaushi kamar yashi. Kayi aikinka bayan asuba zuwa ƙarfe takwas, a inuwa, kuma kar ka bar akwatin ko gwangwanin a rana kafin feshi. Gwangwanin feshi a cikin mota da rana tsaka kuwa neman masifa ne.

Da damina, musamman Agusta, laima ce matsalar. Kiliya tana yin fari-fari kamar hazo saboda raɓa da ta maƙale a ciki. Ranar da hadari ya haɗo ko aka kwana ana ruwa ka haƙura kawai. A wajena Oktoba zuwa farkon Nuwamba yafi kowane lokaci, ruwa ya ɗauke ƙura bata sauko ba.

Fentin yayi hawaye a gefe, kuma wata ƙura ta faɗa. In goge?

Kar ka taɓa. Hannu ko tsumma akan ɗanyen fenti ɓarna yake ninkawa. Ka barshi ya bushe kwana biyu, ka jiƙa sanfefa mai lamba 800 ko 1000 a ruwa da ɗigon sabulu, ka naɗa ta a ɗan katako ka goge wajen a hankali har ya daidaita, ka busar ka ƙara hawa ɗaya. In fuskar tayi gurzu-gurzu kamar bawon lemo ma maganin kenan.

Naga ana gasa akwati a oben, gaskiya ne?

Ana yi, da wuta kaɗan da bata kai digiri 100 ba, dan fentin yayi saurin ƙarfi. Amma ba a oben ɗin da ake gasa abinci ba, warin tina baya fita kuma guba ne. Mu da Allah ya hore mana rana ma me zamu yi da oben, in fentin ya kwana ya daina danƙo ka saka shi a kwali ka rufe ka ajiye a rana yini biyu. Banda bayan an manna sitika.

Mecece sitikar ruwa, kuma ina ake samu?

Takarda ce mai wata siririyar leda a samanta, tsakaninsu akwai gam da ruwa ke narkarwa. Kana buga zanenka akan ledar, ka tsoma a ruwa, ledar ta sulɓe daga takardar ka ɗora ta akan akwati. Saboda tsabar sirantarta in aka rufe da kiliya sai kace a jikin fentin aka buga rubutun. In zaka yi oda sunanta waterslide decal paper, girman A4 take zuwa. Masu buga hoto a jikin kofi da faranti na rabon biki ma wani lokaci suna da ita, ka tambaya.

Ta inkjet ko ta leza?

Ya danganta da firintar da zaka samu, kuma kar ka kuskura ka musanya. Firintar leza da zafi take narka hoda ta manne a takarda, in ka saka mata takardar inkjet ledar zata iya narkewa a ciki, kaga ka jawo wa kanka rigima da mai shago. Ta leza tafi sauƙi dan hodar bata jin ruwa, ana bugawa sai yanka sai tsomawa.

Ta inkjet kuma tawadar ruwa ce, in ka tsoma ta haka zakaga rubutunka yana narkewa yana bin ruwa kamar an wanke allo. Dole ka bari ta bushe sosai, ka fesa mata kiliya siririya hawa biyu ko uku, ta kwana, sannan ruwa. Kar kuma ka cika kiliyar, sitikar zata yi tauri taƙi kwanciya.

Ina son farin rubutu akan baƙin akwati, ya zanyi?

Anan mutane da yawa suke faɗawa rami. Firinta ta gida bata da farar tawada, farin da kake gani a takarda farin takardar ne. Sitikar ruwa kala biyu ce, mai garai-garai da fara. In ka buga akan mai garai-garai ka ɗora a baƙin fenti ba abinda zai fito, ko rawaya ce zata nutse. Dan haka mai garai-garai sai akan fenti mai haske, fari, rawaya, ruwan toka mai haske, ruwan lemo, da baƙin rubutu.

In ka nace sai baƙi, ka sayi farar, ka buga baƙi ya cika fuskar duka ya bar rubutun fari, ka yanka daidai fuskar akwatin. Bakin yankan zai nuna farin layi siriri sai ka bishi da baƙar maka. Yana yiwuwa amma wahala ce, ni shawarata ga wanda yake farawa ya yi fari ko rawaya ya huta.

Da me zan zana, kuma me zan rubuta?

CorelDraw da ke kowane shagon buga takardu ya isa, in kana son na kyauta akwai Inkscape. Ka zana da ainihin awon akwatin, ka saka ɗan gicciye a tsakiyar kowane rami, ka tuna kan bolum ɗin da ake murɗawa yana da faɗi, in rubutu ya matso kusa da rami zai shige ƙarƙashinsa. Ka fara bugawa a takardar banza, ka ɗora akan akwatin ka ɗaga a rana ka ga ko ramukan sun hau. Kuma ka tsaya akan mai bugawa ya buga a kashi 100, dan da yawansu sun saba danna abinda ke sa zane ya cika takarda, milimita biyu kawai in ta goce aikin ya tashi.

Ni da Hausa nake rubuta nawa, Ƙara, Wuta, Murya. Matsalar ita ce ba kowane salon rubutu ne yake da ƙ da ɗ da ɓ ba, sai ka kai shago a buɗe kaga ɗan akwati a madadin harafin. Noto Sans yana dasu. Kafin ka fita daga gida ka maida rubutun ya zama zane, a CorelDraw Ctrl da Q ne, ko ka kai shi a PDF.

Ado kuwa muna dashi har ya yi yawa, dagin Arewa, zanen bangon gidajen cikin gari, aska takwas ta babbar riga, duk suna zama a fuskar feda. Ajami ma yana kyau matuƙa. Amma dan Allah ɗan'uwa ka tuna abin nan a ƙasa yake zama kuma da takalmi ake taka shi, kar ka rubuta aya ko sunan Allah ko na Annabi a jiki. Tambarin Boss ko Ibanez ma ka barwa masu shi, balle in sayarwa zaka yi.

To ya ake mannawar?

Fentin ya zama mai sheƙi kuma ya kwana biyu aƙalla. Ka wanke hannu. Ka yanka sitikar ta ɗan gaza fuskar akwatin da kamar milimita ɗaya ko biyu ta kowane gefe, ka zagaye kusurwoyin da almakashi dan kusurwa mai tsini ita ke fara ɗagowa.

Ka zuba ruwa mai ɗumi-ɗumi a faranti mai faɗi. Kana saka ta zata nannaɗe kamar tabarma, kar ka tsorata kar kuma ka buɗe ta da ƙarfi, da kanta zata saki. Bayan daƙiƙa 30 zuwa minti ɗaya ka ɗan murza da yatsa biyu, in kaji ledar ta fara zamewa ta isa, in ka barta ta daɗe gam ɗin zai wanke. Ka shafa ruwa a fuskar akwatin, ka ɗora ta harda takardar, ka zamo bakin ledar kaɗan ka dafe shi da yatsa, sai ka zare takardar ta ƙasa a hankali kamar mai zare wasiƙa daga ambulan. Kar ka ɗaga ledar sama ita kaɗai, zata naɗe ta manne da kanta.

Yanzu tana iyo akan ruwa, kana da kamar minti ɗaya ko biyu ka daidaita giccen nan da ramuka, da hunturu ma bai kai haka ba dan haka ka ajiye ruwa kusa kana ɗigawa. In ta zauna ka ɗauki ƙyalle mai laushi mai ɗan laima ka riƙa korar ruwan daga tsakiya zuwa baki, a hankali, in ka danna da ƙarfi zata miƙe rubutun ya karkace. Ka barta ta kwana. Ramukan sai washegari zaka yanke su da sabuwar reza, kana turawa ciki ba kana jawowa waje ba.

Tawa tayi wani fari-fari a ƙasa kamar azurfa, ga kumfa.

Iska ce ta maƙale, galibi saboda fentin ƙasan bashi da santsi. Shi yasa nace mai sheƙi, in ma marar sheƙi kake so a ƙarshe, ka manna akan mai sheƙi sannan ka rufe da kiliya marar sheƙi. Kumfa ƙarama ka huda ta da allura ka ɗiga ruwa ka danna. Akwai wani ruwa Micro Sol da masu wannan harka ke shafawa ya tausasa ledar, in babu ɗigon farin khal a ruwa yana ɗan taimakawa.

Kiliya hawa nawa?

Biyun farko kamar raɓa, daga nesa, dan in ka jiƙa ta tashi ɗaya tinar zata ci sitikar. Bayan nan uku ko huɗu masu ɗan kauri. In kana son bakin sitikar ya ɓace ɗungurungum ka bari ta bushe, ka goge da 1000 a jiƙe sama-sama ka ƙara hawa.

Wadda tafi kowacce ƙarfi ita ce ta mota mai haɗi da hadina, ruwan da ke sa ta tauri, ko mukulli da ƙyar yake karce ta. Ni bana fesa ta a gida, tana da guba mai illa ga huhu kuma takunkumin ƙyalle baya tare ta. Kai wa masu fentin mota nake, ranar da suke fesa wata mota su haɗa da nawa in bada na shayi. Sai dai ka fara fesa taka ta gwangwani siririya ta kare sitikar, kuma ku gwada a murfi. Ko na gwangwanin ma ba'a fesa shi a ɗaki a rufe, ba kusa da risho ko gas ba, ba kusa da yara ba.

Ban samu sitikar ruwa ba sam, akwai wata hanya?

Akwai. Masu buga bana da sitikar da ake mannawa a Adaidaita Sahu zasu buga maka a leda mai gam, ko su yanka maka haruffa da inji, kuma su suna da farar leda dan haka matsalar farin rubutu ta kau. Tafi kauri dai, bakinta bazai ɓuya ba. Ko ka zana da hannu da makar fenti irin Posca, tana zama lafiya a ƙarƙashin kiliya in ka fara da raɓa. Makar nan ta yau da kullum da ake rubutu a kwali kuwa kiliya na taɓa ta take bajewa ta koma shuɗi-shuɗi.

Masu cin zane a jikin ƙarfe da soda ko asid kuma, yana kyau amma ba aikin ɗan koyo bane, yana ƙona fata yana tada hayaƙi, ranar da nayi niyya zanyi bayaninsa daban.

Kafin fenti fedata shiru take, yanzu na haɗa tana ta huuum. Me ya faru?

Fentin ne ya raba jak da jikin akwati. Akwatin ƙarfen nan ba ado kaɗai bane, shi ke tare hayaniyar wuta daga waje, amma sai in yana haɗe da wayar ƙasa, wato at ɗin da'irar, kuma galibi ta jikin jak yake haɗuwa. Mu da muke kiɗa da janareta kusa da kai ai ba sai an faɗa ba. Ka kwance jak ɗin ka kankare fentin da ke kewaye da ramin ta ciki har kaga ƙarfe, ka mayar ka ɗaure. Bakin murfi da wajen zaman sukurorinsa ma haka. Gaba in zaka yi wani ka toshe cikin da tef tun farko, ka cusa tsinken ashana ko tsohon sukuru a ramukan murfin dan fenti kar ya cike zaren.

Yaushe zan mayar da kayan ciki? Ina da wasa ranar Asabar.

In yau Alhamis ce ka ari ta wani. Fenti yana bushewa a sama cikin awa ɗaya amma ƙasansa ɗanye ne, ka bashi sati guda. Gwajin da nake yi, in kai hancina jikinsa, in har ina jin warin tina bai yi ba, ko in danna farce a murfin ƙasa inda ba mai gani, in ya bar shaida in ƙara kwana biyu. In zaka ɗaure noti ka saka wosha, ka fara da hannu, ka ƙarasa da soket ko sifana da ka naɗe bakinta da tef, banda filaya. Ka riƙe makunnin ta ciki kar ya juya, dan in woshar ta juya akan kiliyar da bata gama ƙarfi ba zata murɗe ta harda sitikar ƙasa. Kuma satin farko kar ka jefa ta jaka ɗaya da wayoyin jita, robar jikin waya tana manne wa sabon fenti ta bar masa layi, ka naɗe ta a tsohuwar riga tukuna.